Gurbin da Ke Gaban Ɗanlami

Tun ɗazu nake jin ku kuna cewa wai haƙar kabari ai rami ne kawai, duk mai ƙarfi zai iya. To madalla. Kai mai jar riga, ajiye digar nan kafin ka sare ƙafar ɗan'uwanka, ku matso inuwar darbejiyar nan ku zauna. Tunda kun ce ƙungiyarku ta samarin unguwa za ta riƙa taya mu aiki a maƙabartar nan, gara ku san abin da kuka shigo. Ni Ado ban iya rufa-rufa ba, kuma akwai wani aiki da zan bar muku wanda ba na so a yi min wasa da shi.

Kabarin farko da na haƙa na wata tsohuwa ne, tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba, duk wajen nan gonaki ne da fako. Maigidana marigayi Baba Tanko ya miƙo min wani karan dawa, ya ce ga mai ɗakin nan ta iso. Na waiga ban ga kowa ba. Ashe karan yake nufi. In mutum ya cika, 'yan'uwansa sukan gwada tsawonsa da kara, su karya daidai, su aiko mana da shi. Kara ba ya zuwa da suna, ba ya zuwa da labarin abin da mutum ya aikata, tsawo kawai yake kawowa. Baba Tanko ya sa na kwantar da shi a ƙasa, kai kudu, ƙafa arewa, na zana, sannan na kama haƙa. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, shi kuwa yana zaune yana cin goro yana ce min shashasha, gefen nan ya karkace.

Ramin biyu ne, in ba ku sani ba. Akwai babba na sama mai faɗi, mu muna ce masa uwa, sannan a cikinsa akwai siriri inda mamaci ke kwanciya a kan damansa yana fuskantar gabas, shi ne 'ya. Uwa da diga da shebur ake yin ta, kuma mukan haƙa ta tun kafin a yi mutuwa, ta zauna tana jira. 'Ya kuwa ba a taɓa ta sai kara ya iso. Ita sai da dagi da ƙaramar fartanya, a hankali, don in ta yi faɗi itacen da za a jera a kai ba zai hau ba, in ta matse a wahalar da bawan Allah a gaban 'ya'yansa. Ƙasar Dutse kuma ba ta da kunya. Kana cikin haƙa lafiya lau sai ka ji dagi ya ce ƙal, ka tarar da fa, shimfiɗaɗɗen dutse, a kwance, sai dai ka yi ta lallaɓa shi.

Masu kawo mana aiki iri biyu ne. Na kan makara bai taɓa ba ni matsala ba. Masu ɗauke da shi su ne fitina. Wannan ya ce a sa ubansa kusa da bishiya, wancan ya ce a matsar da nasa daga bakin hanya. Shi ya sa Baba Tanko ya kafa mana doka guda, layi. Wanda ya rasu yanzu ya shiga gurbin da ke bin na wanda ya rasu ɗazu, ko wane ne shi. Na kwantar da mai motoci a gefen mai tura baro, na kwantar da mutum biyu da suka yi ta shari'ar gona har suka tsufa, ga su can ba wanda ya motsa. Har Baba Tanko ya rasu ya bar min wajen, ba a taɓa tsallake gurbi ba.

Sai ranar da aka kawo karan Ɗanlami.

Ku ba ku san shi ba, amma iyayenku sun ci abincinsa ko sun musa. Ɗan daudu ne, mutumin wajen Kiyawa, yana sayar da shinkafa da miya da soyayyun kaji a tasha. Zane yake ɗaurawa a kan riga, ya rambaɗa kwalli, in yana magana hannun nan kamar zai karye. Ana faɗin abin da ya wuce haka a kansa, ana cewa maza yake nema. Ni dai ban gani ba, kuma ban tambaye shi ba. Abin da na gani shi ne duk ranar da mutuwa ta yi yawa muka wuni a rami, sai ga kula cike da abinci daga wajensa. Shi da kansa yake kawowa, amma ba ya shigowa, wai tsoro yake ji. Daga bakin ƙofa zai tsaya ya ɗaga murya ya ce, “Maigidan ƙarshe, ga na ma'aikata. Don Allah in lokacina ya yi ka ajiye min ɗaki mai iska.” Ni kuma in ce masa ya ɓace min da gani, ɗan banza, ɗakunana duk iri ɗaya ne.

Wani ɗan'uwansa ɗan daudu ne ya kawo karan a bayan babur, kwalli ya zubo masa har haɓa. Abokin aikina Iro, wanda muka tsufa tare a nan, ya karɓa ya miƙo min. Na auna na fara 'ya. An yi dace layi ya ƙare, sabo za a fara, gurbinsa shi ne na farko daga yamma, ta bakin hanya. Ban kai rabi ba sai ga Alhaji Sabo, shugaban kwamitin maƙabarta na lokacin, da mutane a bayansa. Kada ku ɗauka mugu ne. Katangar nan da kuke jingine da ita shi ya tsaya aka gina ta, shebur ɗin hannunka ma shi ya kawo. Amma ya yi imani har zuciyarsa cewa mugun maƙwabci yana cutar da mamaci a kabari. Ya ce in fito, a kai wannan bayan katanga, can wajen kwazazzabo inda ruwa ke bi.

Na ce ba zan fito ba, kara aka kawo min, kuma kara layi yake bi. Muka yi ta yi har murya ta tashi, ni kuwa kun san bakina. Sai da aka kira liman. Liman ya tambaya ko Ɗanlami yana salla, aka ce yana yi, a sahun baya, shi kaɗai a ƙarshe. Ya ce to musulmi ne, za a yi masa salla a sa shi cikin musulmi, sauran yana wajen Ubangijinsa. Alhaji Sabo ya ce ya ji, amma a tsallake gurbi ɗaya a gabansa, kada a haɗa shi da kowa. Wani daga cikin mutanensa har da cewa ai dama wa zai yarda ya kwanta ya juya wa ɗan daudu baya, aka yi dariya a kan kabari. Raina ya ɓaci ƙwarai ran nan. Masu sallarsa ba su cika sahu ɗaya ba. Muka jera itace, muka toshe da ganye, muka kwaɓa ƙasa muka rufe shi, fuskarsa tana kallon uwar da na riga na haƙa a gabansa.

Na ce a raina wannan maganar kwana biyu ce, gawa ta gaba za ta shiga a wuce wajen. Ina. Labari ya riga ya zaga gari. Duk wanda ya kawo mamacinsa, da na nufi gurbin sai ya riƙe min hannu ya ce Baba, ba nan ba. Layi ya ci gaba ya bar shi a buɗe, kamar an cire wa mutum haƙori. Alhaji Sabo ya ce in cike shi da ƙasa a dasa bini-da-zugu ya zama shinge. Na ce to, kullum ina cewa gobe.

A nan Malam Haruna ya shigo maganar. Tsohon malamin makaranta ne, a Yalwawa yake zaune, yana saurayi gwamnati ta tura shi karatu Amurka. Matarsa tana kwance a nan, shi ya sa kusan kullum bayan la'asar yakan zo ya yi mata addu'a, ya zauna inda kuke zaunen nan mu taɓa hira. Ran nan ya daɗe yana kallon gurbin, sai ya ce min ya taɓa ganin irinsa, amma na can ya riga ya girma. Wai a garin da ya yi karatu akwai wani tsoho baƙar fata mai share makarantarsu, ya kai shi ya ga kabarin mahaifiyar shi tsohon. Maƙabarta ɗaya ce, amma an ja waya an yi shinge ta tsakiya, Turawa a nan, baƙaƙe a can. Tsohon ya ba shi labarin yadda a da ba sa shan ruwa a famfo ɗaya da Bature, ba sa zama kujera ɗaya a mota, da yadda suka fito titi, aka doke su, aka sakar musu karnuka, suka yi ta zuwa kotu har doka ta canza. Doka ta canza, amma wayar tana nan, ba wanda ya cire ta.

Ya ce kafin ya dawo gida kuma sai ya ga wasu sun fito titi da kwalaye a hannu, maza masu neman maza da mata masu neman mata, suna irin tafiyar, suna cewa a wajen baƙaƙe suka koya. Abin da suke nema kada a kore su daga aiki, kada a fitar da su daga gidan haya, kada ɗan sanda ya doke su a banza. Na ce a'uzubillahi, Malam, kada ka haɗa. Baƙar fata Allah ne ya yi, ba wanda ya zaɓa, wannan kuwa hali ne. Sai ya yi dariya ya ce wallahi abin da tsohon nan ya faɗa kenan, har ransa ya ɓaci don an kwatanta wahalar kakanninsa da tasu. Amma 'yar tsohon ta ce ita dai ta ga kulki ɗaya ne ya doki duka biyun. Ya ce har yau ba su gama wannan gardamar ba a can, kuma ba shi ne zai raba ta a gindin darbejiya ba.

Sannan ya ce, “Ni ba maganar halal da haram nake yi maka ba, Ado. Wannan malamai sun faɗa, kuma hisabi ba a hannunmu yake ba. Maganar masu wayar nake tunawa. Cewa suka yi kada ya kwanta kusa da uwata. Ban taɓa zaton zan ji ta da Hausa ba.”

Ya ce in na yarda aka dasa shingen nan, gobe za a sami wani da za a kai bayansa, jibi a sami wani, kuma ba duka ne za su zama 'yan daudu ba. Ni dai ban cike ramin ba.

Shekarar da ta fi kowacce wuya a aikina ita ce ta babban ruwan nan, wanda amai da gudawa suka biyo bayansa. Kaburbura suka yi ta ruftawa, muna cike wannan wancan yana buɗewa. In ka sa diga sau biyu sai ruwa ya taso. Muna kwalfewa da bokiti, kara yana zuwa a kan kara, Iro ya jera su a jikin rumfar kayan aiki, ya ɗaura wa kowanne tsumma don kada su cakuɗe. Gawa takan kai sa'o'i a kan makara ana yayyafi a kanta, mu muna fama da laka. Gurbin nan kuwa a kan tudu yake, a bushe ƙayau, ko gefensa bai zaizaye ba, ko ciyawa ba ta fito a cikinsa ba. Wani mutum ya kawo 'yarsa budurwa, na nuna masa na ce ga waje a shirye, ka bar ni in yi 'ya yanzun nan. Ya kalli ramin, ya kalli likkafanin da ya jiƙe, ya ce zai jira. A cikin taɓo muka sa yarinyar nan. Ran nan na ji tsoron mutane fiye da yadda na taɓa jin tsoron matattu.

Bayan damina ta ɗauke, wata safiya na leƙa ramin don in kwashe ganye, sai na ga shatin mutum a ƙurar ƙasansa. Ga inda kafaɗa ta danna, ga ƙugu, ga diddige, kai kudu, fuska gabas. Na kira Iro. Ya duba ya ce ƙila mahaukaci ne ya kwana, amma muryarsa ba ta yarda da abin da bakinsa ya faɗa ba. Muka share. Da muka koma rumfa sai ga kara a jingine, sabon karya, ba tsumma, kuma ba wanda ya ga mai kawo shi. Muka zauna muna jiran a zo a ce ga gidan da aka yi rasuwa. Azahar ta yi, ba kowa. Ba abin da ke ɗaga wa mai haƙa hankali irin kara marar gawa.

Da la'asar sai ga Malam Haruna da sandarsa, da ƙura a bayan rigarsa. Ya ce kada mu wahalar da kanmu, karansa ne. Shi ya shiga ya kwanta bayan sallar asuba ya ji yadda wajen yake, kuma ba laifi, akwai iska. Ya ce in haƙa masa 'ya. Na ce Malam ka ji tsoron Allah, ba a yi wa mai rai 'ya, ban taɓa yi ba kuma ba zan fara a kanka ba. Ya ce to in ajiye karan, ya gaya wa 'ya'yansa, har da babban da ke koyarwa a Kafin Hausa, cewa in ya mutu nan za a sa shi. Na tambaye shi me ya haɗa shi da Ɗanlami da zai yi masa wannan. Ya ce ko magana ba su taɓa yi ba, abincinsa ma yaji ya yi masa yawa. Shi dai ba ya so ya bar waya a garinsu.

Na soke karan a rufin rumfa. Kullum in na shiga ɗaukar diga sai na gan shi a saman kaina, da yamma kuma mai shi ya zo ya gaishe ni mu yi hira. Ban saba da haka ba har ƙarshe. Amma hankalina ya kwanta ta gefe guda, don duk sanda aka tayar da maganar shinge sai in ce wajen yana da mai shi, malami ne, ku je ku same shi. Ba wanda ya je.

Mutum yana nasa shirin, ajali yana nasa. Ciwo ya kama Malam, aka kai shi asibiti Kano, a can ya cika. Kafin labari ya iso mana an yi masa sutura an binne shi a can, yadda aka saba. Ban ga laifin 'ya'yansa ba, ko da yake na san zuciyarsu ta yi sanyi da abin ya zo a haka. Na yi baƙin ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa na leƙa ramin da hantsi, shatin nan ya dawo. Kafaɗa, ƙugu, diddige. Ku ce kare ne, ku ce iska ce, ni ba zan yi muku gardama ba. Na je na zaro karan na kwantar a kai, ya hau cif. Da na fito na tsaya riƙe da shi a tsaye ina kallon ramin, sai na ga Iro ya ƙura min ido ya ja da baya. Na ce lafiya? Ya ce, “Ado, dubi inda karan nan ya tsaya maka.” Daidai tsakiyar kaina ya tsaya, ko yatsa bai ƙaru ba. Duk zaman da muka yi da Malam ban taɓa lura tsawonmu ɗaya ba.

Na daɗe ina juya abin. Ni ma fa tarbiyyar garin nan ce a jikina, ni ma na ji abin da kowa yake ji game da maƙwabcin kabari. Amma na yi shekaru ina cewa layi layi ne, ina riƙe wa mutane wuya a kai, kuma Ɗanlami ya ciyar da ni ranar da masu kirki suka manta akwai masu haƙa. Ɗaki ya ce in ajiye masa, na ba shi, sai aka hana shi maƙwabci. Ra'ayina a kan halinsa, in ma gaskiya ne abin da ake faɗa, yana nan yadda na gaya wa Malam. Wannan tsakaninsa da Allah ne, kamar yadda nawa yake.

Yanzu Alhaji Sabo ya rasu, Allah ya jiƙansa, ga shi can a layinsa. Iro gwiwa ta hana shi fita. Sabon kwamiti ya fara tayar da maganar shingen nan kuma, har an kawo irin bini-da-zugu an ajiye a bakin ƙofa, kun wuce shi da kuka shigo. Babban ɗana da na gaya masa nufina sai ya sunkuyar da kai ya ce to Baba, irin to ɗin da na riƙa yi wa Alhaji Sabo. Shi ya sa nake gaya muku ku, don ranar diga a hannunku za ta kasance.

Ku tashi ku leƙa, ga shi can inda aka kifa tsohon kwanon rufi, na biyu daga bakin hanya. Uwar na gama muku ita tuntuni, kullum ina share ta. 'Yar ce taku. Ranar da kuka ji an ce Baba Ado ya cika, kada ku jira a kawo muku awo daga gidana, ku shiga rumfa ku zaro karan da ke rufi. Za a zo a riƙe muku hannu a ce ba nan ba, ƙila ma ɗana ne zai riƙe. A nan za ku gane ko aikin nan rami ne kawai. Duk wanda ya tsallake da ni ya kai ni gaba, ban yafe masa ba.

Kai mai jar riga, ɗauko dagin nan ka zo in nuna maka yadda ake fitar da gefen 'ya ya miƙe. Ba na son ɗaki a karkace.